Ƙullin Kilishi daga Yamai

A tsakaninmu 'yan kasuwar da ke kai da kawowa tsakanin gida da birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ba a buɗe saƙo. In mutum ya ce ki taho masa da ƙulli daga Kano ko Yamai, karɓa za ki yi ki tura a akwati, ki miƙa masa yadda aka ɗaure shi. In kika kwance kika leƙa, kin kira shi maƙaryaci ke nan a gaban jama'a. Ni ma a haka na taso a harkar. Na fara da tallan ɗankwali a Kantin Kwari, na samu tebur, na samu shago, har na zo nan na zauna ina sayen jakunkuna da takalman mata ina loda wa mutane. A tsawon shekarun nan na ɗauko kuka da daddawa da yaji da man shanu na mutanen da ban san ko unguwarsu ba, kuma ban taɓa kwance ƙulli ko ɗaya ba.

Akwai wata 'yar Maraɗi da ke sauka a wurina a unguwar Dengfeng duk lokacin da ta zo sari. Yadin hijabi take saye. Na girme ta, tana ce mini Yaya. Mijinta direban babbar mota ne da ya yi haɗari ya zauna, don haka ita ke riƙe da gidan, da 'ya'ya mata da suka fara tasawa. Mace ce mai ƙwazo da ƙarancin magana, amma in ta shiga shago ta kama yadi da yatsu biyu ta ce wa mai shagon, "Lawban, wanga ba shi ba ne," sai ka ga ya shige ciki ya fito da na gaskiyar yana dariya. Lawban shi ne maigida a bakinsu.

Ranar da za ta koma gida a wata tafiya, muna tsaye a ƙofar gidan abincin da muke cin tuwo, wani Alhaji ya tsayar da ita. Babba ne a cikinmu. Yana da kamfanin lodi, rabin mutanen unguwar a kwantenarsa suke zuba kaya, har da ni. Ya ce in za ta dawo wani yaronsa zai same ta a Yamai da ɗan kilishi, ta taimaka ta taho masa da shi, ya yi kewar na gida. Na riga na yi gaba ina amsa waya, don haka na gan su suna magana amma ban ji da kunnena ba. Ita ta faɗa mini a hanya, tana dariya wai Alhaji da duk arzikinsa kilishi ke damunsa.

Mun san an hana shigo da nama. Mun kuma san iyakar abin, in an gani a ƙwace a zubar, a yi miki faɗa da yaren da ba kya ji. Da ta dawo, na'urar haska kaya ta filin jirgi ta nuna wani abu a akwatinta. Aka kwance ƙullin a gabanta. Tsakanin fallayen kilishin an jera awarwaro da 'ya'yan carbi na hauren giwa. A ƙasar nan wannan ba maganar tara ba ce, maganar gidan yari ce.

'Yan sanda suka tsare ta, daga baya suka yarda a tsaya mata ta fito kafin a gama bincike. Ni na je na tsaya mata, don ina da takardar zama. Suka riƙe fasfonta, suka ce za su sake kiranta ta ba da cikakken bayani. A mota na tambaye ta abin da ta gaya musu.

"Na ce saƙo ne."

"Da suka ce na wa?"

"Na ce sai na yi shawara."

Na dube ta. Ta ce, "Yaya, ƙaƙa zan ba 'yan sanda sunan mutum babba ban hwaɗa ma manya ba?"

Wannan ma al'adarmu ce a nan, kuma ba ta banza ba ce. Baƙi ne mu. In rigima ta taso tsakaninmu ba ma kai ta wurin hukuma sai dattawa sun zauna, don in ɗan sanda ya shigo gini saboda mutum ɗaya, sai ya duba takardun kowa. Zaman dattawan nan ya sasanta abubuwa da yawa, ya kai gawa gida, ya fitar da mutane daga asibiti. Ana yin sa ne bayan an sauko daga Juma'a a Masallacin Huaisheng, a saman benen gidan abincin nan. Mace ba ta hawa. In maganar ta shafe ta, sai ta wakilta namiji.

Nata wakilin ƙanin mijinta ne, mai sayar da wayoyi a bakin titinmu. Da can in sun haɗu sai tsiya, tana ce masa miji marar cefane, yana ce mata ta bari yayansa ya sake ta ta ga gata. Ranar Juma'ar nan ya zo ya durƙusa ya gaishe ta kansa a ƙasa. Ta zayyana masa komai tun daga ƙofar gidan abinci har filin jirgi, ta sa ya maimaita. Ya maimaita daidai. Na san kuma, kamar yadda kowa ya sani, kamfanin Alhaji ne ya yi masa takardar gayyatar da yake sabunta biza da ita.

Muka zauna a kicin, ni da ita da mai abincin, wata 'yar Kumasi mai baki. Benen na katako ne, ana jin komai. Mai abincin ta kashe injin jan hayaƙi don mu ji da kyau, ta ce, "Bari mu ji hukuncin masu gemu."

Aka yi addu'a. Dattijon da ke shugabantar zaman ya ce an taru ne a kan jarrabawar da ta samu wata baiwar Allah. Ya ba Alhaji dama. Alhaji ya yi magana mai tsawo cikin natsuwa. Ya ce shi kilishi ya ce, kuma ko kilishin ma ba nasa ba ne, wani abokin abokinsa ne ya roƙa. Ya ce bai san yaron da ya kai ƙullin ba. Ya ce wa ya san hannu nawa ƙullin ya bi, wa ya san me aka ƙara a hanya, mata kuwa Allah ya yi su da son kayan ado. Aka ɗan yi dariya a sama. Kusa da ni 'yar Maraɗin ta damƙe gefen hijabinta.

Sai aka ce wakili ya yi magana. Muka kasa kunne. Ya ce, "To, ni dai matar yayana ta ce saƙo ne aka ba ta. Amma mu yara ne, abin da manya suka gani shi ne daidai." Muka jira sauran. Babu saura.

Mai abincin ta buga ludayi a tukunya. "Wannan ne lauya? Gara a aiko akuya."

Aka yi ta zagaye. Wani ya ce in aka ambaci Alhaji za a rufe kamfanin, kayan mutane su maƙale, gidaje da yawa su shiga wani hali. Wani ya ce ya ji ana sassauta wa mata, musamman in ta ce a kasuwa ta saya ba ta san haramun ba ne. Wani ya ce jama'a za su kula da iyalinta. Har aka tashi ba wanda ya kira sunanta. Baiwar Allah, matar wane, ita wannan ɗin. Dattijon ya ce hakan ya fi, don a rufa mata asiri. Aka tsayar cewa ta ce ita ta saya, kuma ta ƙara haƙuri zuwa Juma'a mai zuwa a ga yadda za a taimaka.

Kafin mu isa gida an riga an buga wa mijinta waya. Ya kira ta ya ce ta bi abin da manya suka ce, shi ba shi da ƙafar da zai zo. Ta ce to. Ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Na ce mata ta tashi mu je ta faɗi sunan mutumin nan tun yana gari. Ta ce, "In na hwaɗi, wa za ya yarda? Shi Alhaji ne. Kuma ɗiyana na gida, kin san abin da za a ce musu."

A makon nan 'yata ta kira ni. Tana karatun lauya a jami'a a Kano, kuma in jarrabawa ta matso ni take karanta wa darasi a waya, wai in ta iya fahimtar da ni to ta iya. Safiyarta la'asar ɗina ce. Ina shago ina ƙirga kwalaye da ido, na sa ta a lasifika.

"Umma, yau tsohuwar Girka za mu yi. Shari'a a birnin Atina."

"Girkawa na san su. Suna zuwa baje koli sayen fitilu, ba su iya ciniki ba."

"Ba waɗannan ba, kakannin kakanninsu. Kin san su ake yaba wa da cewa talaka ma yana da baki a mulki. To amma mace ba ta tsayawa gaban masu shari'a. Ko ita ake ƙara, ko ita aka zalunta, sai dai waliyyinta ya yi magana, uba ko miji ko ɗan'uwa ko ɗa. Masu yanke hukuncin kuma maza ne zalla, ɗaruruwa."

Na ajiye abin da ke hannuna.

"Kuma ba a kiran sunan macen kirki a kotu. Sai a ce matar wane, 'yar wane. Wai girmamawa ce. Wadda aka kira da sunanta, to so ake a tozarta ta."

Ta ci gaba da ba ni labarin wata shari'a da suke nazari. Wata baiwa ce maigidanta ke shirin rabuwa da ita. Wata mata ta ba ta magani ta ce ta zuba masa a abin sha, zai dawo da sonta. Ta zuba masa, ta zuba wa abokinsa da ke cin abinci tare da shi. Ashe guba ce, duka biyun suka mutu. Aka azabtar da baiwar aka kashe ta. Bayan shekaru ɗan ɗayan mamatan ya kai ƙarar matar da ake zargin ta ba da maganin. 'Yata ta ce abin da ya iso zamaninmu jawabin mai ƙarar ne kaɗai. Ba kalma ɗaya daga bakin baiwar, ba kalma ɗaya daga bakin matar. Ko yadda shari'ar ta ƙare ba a sani ba.

Na ce, "Shekara nawa ke nan?"

"Ta haura dubu biyu."

"To ki gaya wa malaminku suna nan da ransu. Sun koma saman benen gidan abinci a Dengfeng."

Ta yi dariya, ta ji ban yi ba, ta ce, "Umma lafiya?" Na ce ta ci gaba. Na tambaye ta ko ba wata ƙofa ko ɗaya da aka bar wa macen. Ta ce akwai rantsuwa. Mace tana iya cewa za ta rantse da 'ya'yanta a gaban abin bautarsu, sai a kai wa masu shari'a labarin, kuma in abokin gaba ya ƙi yarda a yi, mutane suna lura.

Ba sai Girkawa sun koya mini rantsuwa ba, a garinmu ko yaro ya san nauyin dafa Alƙur'ani. Amma ban tuna da ita ba sai a ranar. Na koma gida na zauna a bakin katifar 'yar Maraɗin na ce, "Za ki iya dafa Alƙur'ani a kan maganar nan?" Ta tashi zaune. Ta ce, "Da alwala, gaban kowa." Karo na farko ke nan a makon da ta dube ni ido cikin ido.

Ni 'yar kasuwa ce, na san abin da zan yi yana da farashi. Kafin Juma'a na je ma'ajiyar Alhaji na kwashe kayana na mayar wurin wani mai lodi a gundumar Panyu, na ce wa yaransa wani abokin ciniki ne ya matsa. Na gaya wa ƙanin mijinta ya isar da maganar rantsuwar a zama. Ya ce, "Hajiya, ki rufa mini asiri." Ban ƙara matsa masa ba.

Mace ɗaya ake bari ta hau benen nan, mai kawo shayi. Ranar Juma'a na karɓi faranti a hannun mai abincin. Ta ce, "Kar ki zubar mini da kofuna, in ma a kan masu gemun za ki zuba shayin, ki bar mini kofunan." Na hau. Na yi sallama, na durƙusa na ajiye farantin a tsakiya, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya kamata. Sai ban tashi ba.

Na ce, "Baba, a gafarce ni. Wadda ake magana a kanta tana ƙasa da alwalarta. Ta ce za ta dafa Alƙur'ani cewa Alhaji ne da bakinsa ya ce ta karɓo masa ƙullin nan, kuma ba ta kwance shi ba. Ta ce in Alhaji zai dafa cewa bai san abin da ke ciki ba, ta yarda ta ɗauki laifin, ba za ta sake magana ba."

Ba wanda ya taɓa shayin. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ashe kin zama alƙaliya ba mu sani ba. Shi ya sa aka kwashe kaya?"

"Kaya nawa ne, Alhaji. Maganar rantsuwa ake."

Wani daga gefe ya ce Littafin Allah ba abin wasa ba ne da za a jawo shi cikin rigimar kasuwa. Na ce shi ya sa aka kawo shi, don ba wasa ake ba, mace ce za ta tafi gidan yari. Dattijon ya ɗaga hannu. Mutumin kirki ne, na san shi da daɗewa, kuma na ga maganar ta shige shi. Ya dubi Alhaji ya jira. Alhaji ya dubi wayarsa. Daga ƙarshe dattijon ya ce, "Hajiya, mun ji. Magana ce babba. A ba mu zuwa Juma'a mai zuwa, kowa ya yi tunani."

Na sauko ina jin mun samu wani abu. Kowa a ɗakin ya ga wanda ya kasa ɗaga kai.

Kafin tsakiyar mako Alhaji ya bar ƙasar. Aka ce mahaifiyarsa ce ba lafiya. Da muka je kamfanin, 'yar Sin ɗin da ke gaban tebur ta kaɗa hannu ta ce, "Lawban meyo," wato maigida babu. Juma'ar da aka ce a jira, ba a ma yi zaman ba.

'Yar Maraɗin da kanta ta ce in raka ta wurin masu binciken, ba ta jira kiransu ba. Jami'ar da ta karɓe ta mace ce, ƙarama, da tabarau. Ta buɗe fasfon ta karanto sunanta cikakke, da na mahaifinta, tana tuntuɓe a kan kowane harafi, ta tambaya ko ta faɗa daidai. Ta gyara mata, jami'ar ta sake faɗa. Aka kawo wani ɗalibi ɗan Nijar ya yi tafinta. Ni a waje aka bar ni. Da ta fito ta ce ta faɗi komai, an rubuta, an karanta mata, ta sa hannu. Ta ce jami'ar ta tambaye ta abu ɗaya sau biyu, me ya sa ba ta faɗi sunan nan tun ranar farko ba, lokacin da mutumin yana gari.

"Me kika ce?"

"Na ce shawara nika yi."

An yi shari'ar bayan watanni. Na ba da shaidar abin da na gani a ƙofar gidan abinci, na kuma faɗi gaskiya cewa ban ji kalmomin ba. A kotu an bar ta ta yi magana da bakinta har ta gama, ba wanda ya katse ta. Amma hauren a akwatinta aka same shi, wanda ta ambata kuma ba ya ƙasar, yaron Yamai ba a san inda yake ba. Aka yanke mata shekaru, aka ce an rage saboda ta ba da haɗin kai. Daga cikin masu zaman benen ba wanda ya zo. Ƙanin mijinta ya zo ya zauna a can baya, ya fita kafin a karanta hukunci.

Na sha juya abin a raina. Da ban hau benen ba, wataƙila Alhaji bai gudu a makon ba. Da kuma ta bi maganarsu ta ce ita ta saya, da ta shiga gidan yarin da ƙarya a bakinta, shi yana zaune yana shan shayi. Ban san wanne ya fi ba, kuma na daina tambayar mutane, don kowa amsar da za ta kwantar masa da hankali yake ba ni. Alkawarin kula da iyalinta an cika shi wata biyu ko uku, sannan aka manta. Kamfanin ya sake buɗewa da sunan wani ɗan'uwansa, mutane suna ta lodi. Wasu sun daina amsa gaisuwata, wai na shigo da 'yan sanda cikin jama'a. Dattijon yana amsawa, amma ba ya tsayawa.

'Yata ta ci jarrabawar. Na tambaye ta ko an san sunan baiwar nan ta Girka. Ta ce ba a sani ba.

Ni na san sunan tawa, amma ba zan rubuta shi a nan ba. Kafin a wuce da ita ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, kar ki hwaɗi sunana ko'ina. Ɗiyana ba su yi aure ba." A Maraɗi an gaya wa yaran cewa ta samu aiki a wata masana'anta a Panyu inda ba a barin waya. Babbar ta daina tambaya, ina jin ta gane.

Duk Sallah ina sayen yadin hijabi a shagon da take saye, in haɗa da takalma, in aika wa yaran a ce daga uwarsu. Na wannan shekarar wani dattijo ɗan Maraɗi ne zai tafi da shi. Na kai masa masauki, na ajiye ƙullin a kan gado, na kwance shi a gabansa, na baje komai, na zazzage takalman ɗaya bayan ɗaya.

Ya ja da baya ya ce, "Haba Hajiya, mi ya kawo wanga? Ai ba a haka tsakaninmu."

Na ce, "Duba dai, Baba. Sa hannu ka duba."